Sunan Hajiya a Kusurwar Bargo

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Kibiya ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai zama ya gagare ni, in miƙe in hau sharar tsakar gidan da na riga na share.

Gara in fara da faɗa muku halina, don shi ya jawo mini komai. Ni malamar firamare ce, ina koyar da 'yan aji uku a wata makaranta a Rurum Sabon Gari, aure kuma ya kawo ni Yalwa ta Rano. Tun ina yarinya ban iya zama wuri ɗaya ba. In na ɗora tukunya sai na buɗe ta sau goma kafin ta tafasa. In mutum ya fara magana ni nake ƙarasa masa, ko da ba can ya nufa ba. Maigidana ya ce a hoton bikinmu kowa ya fito tar, ni kaɗai na fito dishi-dishi saboda motsi (na ɗauko hoton don in ƙaryata shi, sai na lallaɓa na mayar da shi inda yake).

Surukata kuwa, mahaifiyar maigidan, wadda kowa ke kira Hajiya, Allah ya ba ta duk nutsuwar da ya hana ni. Gida ɗaya muke, tana sashenta muna namu. Da an karya kumallo za ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, ta jawo buhun ƙyallayenta, ba za ta tashi ba sai an kira azahar. Sana'arta ɗinkin bargo, amma ba irin na kanti ba. Telolin Rano ne ke tara mata ragowar atamfa da shadda da yadi, ta yanka su daidai faɗin tafin hannu, ta harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya da allura da zare. In fuskar ta kammala sai ta shimfiɗa tsofaffin zannuwa biyu a tsakiya, ta rufe bayan da yadi mai kauri, ta bi shi da ɗinki layi-layi, sannan ta kalmashe gefen. Bargo ɗaya yakan ci mata wata biyu. Na taɓa cewa zan taya ta. Na haɗa ƙyalle huɗu, na tuna ban jiƙa wanki ba, daga nan ban sake dawowa ba.

Wata rana na je kasuwar Kibiya sayen albasa da tattasai, sai na hango bargo a rataye a rumfar wani mai sayar da kayan shimfiɗa. Tun daga nesa na gane shi, don har da guntun ankon sunan 'yata a jiki, wata atamfa ruwan ganye mai zanen kifi. Na matsa na tambayi mutumin aikin wa ne. Ko ƙifta ido bai yi ba ya ce daga Kano ake kawo masa, wani kamfani ne ke yi da inji. Na ce ba gaskiya ba ne, a gabana aka ɗinka shi, a tsakar gidanmu. Ya juya bargon gaba da baya, ya miƙo mini, ya ce in nuna masa inda aka rubuta haka. Mutane suka fara tsayawa suna kallonmu. Na dawo gida ba albasa ba tattasai, sai huci.

Tun ban cire mayafi ba na zayyana wa Hajiya komai. Ta saurare ni allurarta ba ta tsaya ba. Ta ce wata mata ce ta saya a hannunta, wataƙila ita ta kai can, kuma in dai bargon zai rufe wani ya ji ɗumi, ita ba ta ga abin tashin hankali ba. Ni na gani. Na ce daga yau duk bargon da zai fita daga gidan nan sai da tambari a jikinsa, yadda ko ina aka kai shi za a san hannun da ya yi shi. Ta ce, "To, Malama." (Haka take kirana, kuma in ta ce "To, Malama," abin da take nufi shi ne ki yi abinki, kya gaji.)

Ban gaji ba. Sati uku na yi ina gwaje-gwaje. Na fara da biro a kan farin ƙyalle, wanki ɗaya ya tafi kamar ba a taɓa rubutu a wurin ba. Na ɗauko makar da muke rubutu a kwali da ita a makaranta. Ita ba ta tafi ba, zuba ta yi, ta bi ruwan wanki ta mayar da farin hijabin islamiyyar 'yata kalar toka. Na gwada rubutu a takarda in sa a leda in ɗinke, bargon ya riƙa ƙara kamar ana ɓare biskit duk sanda aka juya. Maigidan ya fara kulle fararen rigunansa a akwati, saboda ya lura duk farin yadin da na gani sai na auna shi da ido.

Wata maƙwabciyarmu mai ɗinkin hula ce ta cece ni. Ta ce in daina wahalar da kaina da tawada, zare mai kyau ba ya zuba. Ta nuna mini yadda zan yi: in sami farin yadin alawayyo in fara wanke shi don kada ya tsuke daga baya, in yanka shi murabba'i, in ninka shi ya koma mai kusurwa uku, in yi rubutun da fensir, sannan in bi kan fensirin da baƙin zaren hula. In na gama sai a cusa shi a kusurwar bargon tun kafin a kalmashe, yadda kalmasar za ta danne gefensa biyu, na ukun a bi shi da ƙananan ɗinki. Duk wanda zai cire shi sai ya farke bakin bargon. Aikin bai fi awa guda ba, wanda ko ni zan iya jurewa, tunda ana iya yinsa ana zagaya tsakar gida.

Na yi na gwaji, na rubuta sunan garinmu. Na wanke shi sau bakwai, na jiƙa shi a tafasasshen ruwa, na dirza shi a kan dutse, na bar shi a rana kwana uku. Ko gezau. Na riƙa yawo da shi a jaka ina nuna wa malamai a makaranta, har wata ta ce mini ta riga ta gani jiya da shekaranjiya.

Sai aka zo kan abin da za a rubuta, nan ne sheɗan ya sami wurin zama. In na rubuta "Aikin Hajiya" ban yi komai ba, don a layinmu kaɗai in ka tsaya ka kira Hajiya, ƙofa biyar za ta buɗe. Sunanta na yanka ake buƙata. Na san sunan sarai, shi aka sa wa 'yata, shi ya sa muke kiran yarinyar Ummi. Amma a shekara takwas da na yi a gidan bai taɓa fita daga bakina ba, shi kansa maigidan ban taɓa jin ya faɗa ba. In na kai Ummi asibiti aka tambayi sunanta, katin nake miƙawa. In akwai mai sunan a ajina, in na zo kanta a rajista sai in ce "mai sunan Hajiya," yara duk sun saba. Ƙannen Hajiya Yaya suke ce mata, sa'o'inta kuma sun koma Hajiya tun da ta sauke farali.

Na yi ta safa da marwa tsakanin ɗaki da madafi ina shawara da kaina, har na ci nasara a kaina. Na ce ai baki aka hana, ba a ce komai game da hannu ba. Na tuntuɓi maigidan yana ɗaura agogo zai fita. Ya tsaya ya dube ni ya ce na tambayi Hajiyar? Na ce zan tambaya. Ban tambaya ba, don in zan tambaye ta sai na faɗi abin da zan rubuta, in kuwa zan iya faɗa da ba a zo nan ba.

A lokacin Hajiya tana da barguna biyar a hannu da ba a kalmashe ba. Uku daga ciki na Bilki ne, 'yar ƙaninta, wadda a ɗakinta ta taso, kuma aka sa bikinta bayan kaka da wani ɗan Kibiya. Sama da wata shida Hajiya ta yi tana zaɓar mata ƙyallaye, wanda ya ɗan koɗe ko kaɗan sai ta ware shi. Na yi tambari biyar masu ɗauke da sunanta na yanka cikin kwana biyu, rubutuna mafi kyau, irin wanda nake yi in masu duba makarantu za su zo. Na kai mata. Ta ɗauki ɗaya ta shafa da babban yatsa, ta yaba ƙanƙantar ɗinkin. Ita ba ta yi boko ba, allo ta yi, tana karanta Alƙur'ani da ajami tar. Sai ta ce, "Me kika rubuta?"

Ban shirya wa wannan tambayar ba (ni da na shirya wa ruwan zafi da dutse da rana). Na ji bakina ya ce, "Aikin hannun Hajiya, Yalwa, Rano."

Ta ce Allah ya yi albarka. Ta cusa shi a kusurwa da hannunta, ta kalmashe a kansa da ɗinkin nan nata da ba ya kwancewa. Sai na tuna na bar wake a wuta, na ruga.

Ranar jere muka cika mota ɗaya daga Yalwa, Hajiya ce shugabar tafiya tunda ita ce gwaggon amarya. Daga isarmu Kibiya ban zauna ba. Ni ce a kan gado ina kafa labule, ni ce a ƙasa ina jera kwanuka, ni ce ke gyara abin da wasu suka riga suka gyara. Da aka zo shimfiɗa, na ɗauko bargon da ya fi kowanne kyau, mai yawan ja da ruwan goro, na baza shi a kan gadon. Sannan na kama kusurwar da tambarin yake na ɗan naɗo ta sama yadda duk wanda ya shigo zai gani. Wata daga cikinmu ta mayar da ita, na bari ta juya baya na sake naɗowa.

Da la'asar dangin ango suka shigo ganin ɗaki, mata sun fi goma, ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Hajiya ta gaisa da su, ta ɗauki buta ta fita ta yi salla a sashen maƙwabta. A gaban dangin angon akwai gwaggonsa, wata dattijuwa mai ƙarfin murya da ake kira Gwaggo Lami, da kuma yayar ango, Zulai, ma'aikaciyar asibiti, mai farin gilashi da bakin tsokana. Kun dai san yadda ake yi tsakanin dangin ango da na amarya a irin wannan rana, kowa na neman inda zai soki ɗan'uwansa cikin raha. Suka duba kwanuka suka ce sun yi kaɗan, muka ce ɗakin ne ya yi kaɗan. Da suka zo kan bargon kuwa sai bakinsu ya mutu. Gwaggo Lami ta shafa shi ta sake shafawa, ta ce rabonta da ganin irin wannan aiki tun tana amarya.

Ba wanda ya tambaye ni komai. Ni na matso da kaina. Na ba su labarin mai rumfar kasuwa, da biro, da maka, da hijabin Ummi. Na bayyana musu yadda ake wanke alawayyo da yadda ake ninka shi. Na ce wannan tambarin da suke gani, ko jikokin Bilki za su karanta shi, kuma duk wanda ya isa ya zo ya cire. Na faɗi haka ina bubbuga gadon.

Gwaggo Lami ta kama kusurwar ta kai kusa da ido, ta nisanta ta, ta ce ita ba ta san kan wannan rubutun ba, Malama ta karanta musu su ji.

Na ce, "Aikin hannun Hajiya, Yalwa, Rano."

Da a nan aka tsaya da yau ba ni da labari. Sai Zulai ta miƙa hannu ta karɓa, ta gyara gilashi, ta duba, ta dube ni. Ta ce ita dai iyakar karatunta ba ta ga Hajiya a nan ba, ko dai Hajiyar Rano da wani harafi take farawa? Aka fara dariya. Wata ta ce wataƙila Malama ba da aikin ta yi aka rubuta mata. Wata ta ce Allah sarki yaran Rurum, haka ake koya musu, a rubuta doya a karanta rogo. Zulai ta ce a bar ta, ai ba laifi ba ne, akwai ajin yaƙi da jahilci a Kibiya, za ta nema mini gurbi.

Yanzu da nake zaune ina ba ku labari na san abin da mai hankali za ta yi. Kalma uku ce: "Sunan surukata ne." Shi ke nan. Da kowa ya gane, da Gwaggo Lami ta ce kai, wannan yarinya akwai kunya, da na fita daga ɗakin da daraja fiye da yadda na shiga. Matan da muka zo tare duk sun sunkuyar da kai, ɗaya ma tana ja mini gefen zane. Amma ni a lokacin ba abin da nake ji sai "ajin yaƙi da jahilci." Kunnuwana suka yi zafi. Na waiga ƙofa, na ga ba Hajiya, na lissafa cewa raka'a huɗu da lazimi irin nata ba za su ƙare yanzu ba.

Na fizge bargon daga hannun Zulai. Na ɗaga kusurwar sama kamar allo, na ɗora yatsa a kan harafin farko, na saki muryar da nake amfani da ita in 'yan aji uku sun cika surutu, wadda ake ji har ofishin hedimasta.

"Ra. Ki. Ya. Rakiya!"

Daga bakin ƙofa aka ce, "Na'am."

Ba da ƙarfi ba. A hankali, da sauri, irin amsar yarinyar da aka kira daga madafi. Matan da ke ƙofar suka dare. Ga Hajiya tsaye, buta a hannu ɗaya, carbi a ɗayan, ita kanta fuskarta cike da mamakin abin da ya fito daga bakinta.

Ɗakin ya yi tsit har ana jin awaki a waje. Gwaggo Lami ta dubi Hajiya, ta dube ni, ta tambayi Hajiya wace ce wannan a wurinta. Hajiya ta ce, "Matar ɗana ce."

Wata daga baya ta fara, irin dariyar da ake dannewa ta fito ta hanci, daga nan kowa ya saki. Gwaggo Lami ta zauna a bakin gado tana tafa hannu tana salati, tana cewa ta shekara saba'in ba ta taɓa ganin inda suruka ta kira uwar miji kamar mai kiran rajista ba, kuma aka amsa. Zulai ta cire gilashi tana share hawaye tana ba ni haƙuri, tana cewa wallahi ba ta sani ba, haƙurin da ya fi zagin ciwo. Ni kuwa ina tsaye da bargo a sama, yatsana har lokacin yana kan harafin ƙarshe. Na nemi hanyar fita, ƙofa ɗaya ce, kuma Hajiya na cikinta. Na ja da baya na shige tsakanin gado da kabad, wurin da ni da kaina na ce a bari don tsintsiya.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ajiye butar, ta tako, ta karɓi bargon daga hannuna. Ta kama kusurwar ta nuna wa Zulai, ta tambaye ta ko abin da aka faɗa yanzu shi ne a rubuce. Zulai ta ce shi ne. Ta tambaya ko akwai Hajiya a wani wuri a jiki. Zulai ta ce babu. Hajiya ta gyaɗa kai, ta shimfiɗa bargon a kan gadon, ta lallashe shi da tafin hannu, ta ce mu yi haramar tafiya kafin magariba.

A mota kowa ya riga ni shiga, kuma wuri ɗaya tak suka bari, kusa da Hajiya (har yau ban yafe musu ba). Tafiyar Kibiya zuwa Rano ba wata tafiya ba ce, amma ranar na ƙirga kowace bishiya. Ba ta ce mini komai ba, carbinta kawai take ja. A rayuwata ban taɓa zama ƙam haka ba, ko numfashi a hankali nake yi kada kafaɗata ta taɓa tata. Kafin mu sauka labari ya riga mu zuwa gida ta waya. Maigidan yana tsaye a zaure. Ya gaida mahaifiyarsa ta wuce, ya dube ni, sannan ya ce shi dai ya san ya tambaye ni ko na tambaye ta.

Kwana biyar ina wasan ɓuya a gida ɗaya. Da sassafe nake durƙusawa a bakin ƙofarta in yi gaisuwa ta bayan labule in gudu makaranta, in na dawo in shige ɗaki. Tana amsa gaisuwar kamar kullum, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Abinci ba ya shiga. Na wanke kayan da ba su yi datti ba, na kwashe kwanukana na sake jerawa sau uku.

Ranar Asabar da hantsi na ga ta shanya ragowar barguna biyun nan a igiya ta shiga ɗaki. Sai dabara ta zo mini (ku lura, duk masifar da na shiga da dabara take farawa). Na ce tunda na Bilki sun fi ƙarfina, bari in cire waɗannan, ko ba komai ta ga na yi nadama. Na ɗauko reza na laɓe a bayan bargon na hau tsinke zare. Na tsinke na tsinke, tambarin nan ko motsi. Na tuna bakin da ya ce duk wanda ya isa ya zo ya cire. Haushi ya kama ni, na ja da ƙarfi. Sai ji na yi ƙyat, bakin bargon ya farke kusan kamu ɗaya, ƙyallaye uku suka saki, tsohon zanen ciki ya leƙo. Tambarin kuwa yana nan daram a maƙale.

"Malama, me bargon ya yi miki?"

Tana tsaye a bayana. Na zube a ƙasa da rezar a hannu, na fara ba da haƙuri, maganar na hawa kan maganar, daga mai rumfa na koma Zulai, daga Zulai na koma biro. Ta bari na yi mai isata, sannan ta sauke bargon daga igiya, ta nufi tabarmarta, ta ce in zo in zauna.

Ta duba ɓarnar ciki da waje. Ta ce tun da mahaifiyarta ta rasu, shekara kusan talatin, ba wanda ya sake kiranta da sunan nan. Mahaifin maigidana har ya koma ga Allah bai taɓa kama shi ba. Ta ce ranar tana tahowa, hankalinta na kan lazimin da ba ta ƙarasa ba, sai ta ji an ƙwala shi da faɗa-faɗa, daidai yadda Innarta ke yi in ta bar tuwo ya kama. Ba ta san sanda ta amsa ba. Ta ce a mota ba fushi ya hana ta magana ba, Innarta take tunawa, don ita ma haka take, ba ta iya zama ba, tana tafe tana ɓarin abu.

Na fara jin sanyi a raina, har na ɗan ɗago kai. Sai ta ce ba ta gama ba.

"Sunan bai dame ni ba, nawa ne, ubana ya yanka rago ya raɗa mini. Abin da ya tsaya mini shi ne ranar da na ce ki karanta mini. Ni ban yi bokonku ba, idonki na ara. In kika karanta mini abin da babu, wa zan koma in tambaya?"

Dariyar matan Kibiya gaba ɗaya ba ta kai wannan zafi ba. Na yi kuka na haƙiƙa, ita kuma ta bar ni na yi, tana zura zare a allura.

Da na lafa ta ce kada in sake taɓa tambarin, a bar shi yadda yake, sunan ya daɗe a ajiye, gara ya sha iska. Amma daga yanzu a ƙara shi da ajami a ƙasa, ita za ta rubuta da fensir in bi da zare, don ta riƙa ganin abin da ake liƙa wa aikinta. Sannan ta miƙo mini allurar ta nuna bakin bargon da na farke. Kwana huɗu na yi a kan tabarmar nan, daga dawowa makaranta zuwa la'asar. In na yi ɗinki mai faɗi don in gama da wuri, sai ta karɓa ta warware, ta miƙo mini. In na yunƙura zan duba tukunya, ta ce tukunyar ta san hanya. A kwana na huɗu ta duba kamu ɗayan nan ta ce ba laifi. Ban taɓa samun takardar shaidar da ta faranta mini rai kamar wannan "ba laifi" ba.

Labarin kam bai tsaya a Kibiya ba. Har Rurum ya je. Kusan zango guda, in na ɗauki rajista na kira sunan yaro, sai in ji wata malama daga ajin kusa ta ce "Na'am" cikin siririyar murya.

Abin da na koya bai da yawa, kuma a makare na koye shi. Yanzu kafin in zura baƙin zare a allura, sai in je gaban mai abin in faɗa masa da bakina abin da zan rubuta. In bakin ya ƙi, hannun ma ya haƙura. Mutum ɗaya ce na kasa yi wa haka, Hajiya, ita kuma da kanta ta yanke hukunci: hannuna ta ba izini, bakina ta ce ya riga ya ci rabonsa na duniya.